Mai hoton da ya fita ya tarar da mutane

Mu mazauna zangunan Paraku da Jugu mun saba da ganin matafiya, domin hanyar Kwatano zuwa Yamai ta Paraku ta bi. Cikin waɗanda suka bar Dahome suka nufi arewa akwai Philippe Koudjina, wanda aka haifa a Kwatano a 1940, ya sauka Yamai a 1959, saura shekara guda Nijar ta sami 'yancin kai.

A wancan zamani, mai son hoto shi ke cin ado ya tafi shago, ya tsaya ƙiƙam gaban labule. Koudjina bai tsaya jiran kowa ba. Ya rataya kyamara, ya bi gidajen rawa da wuraren biki, ya ɗauki samari da 'yan mata, sojoji da ma'aikata, kowa cikin halin da ya tarar da shi. Da tafiya ta yi nisa ya buɗe shagonsa mai suna Photo Souvenir, amma idonsa ya riga ya horu a waje. Ya gane cewa mutum ya fi bayyana sa'ad da ya manta ana kallonsa, irin fahimtar da ta ɗaukaka Malick Sidibé a Bamako.

Sai zamani ya juya. Injinan wanke hoto mai launi suka karya kasuwar masu baƙi da fari, ganinsa ya raunana, talauci ya kama shi. A 2006 wasu 'yan Holan suka fitar da fim a kan rayuwarsa. Ya rasu a Yamai a 2014.

Labarinsa ya shafe mu. A littattafan da muke riƙe wa dattawanmu akwai sunayen waɗanda suka kafa unguwanninmu, jikokin fataken goron Gwanja. Amma ina fuskar mahaucin, da mai tallar fura, da wanzamin bakin kasuwa? Ɗan abin da aka ɗauka yana cikin akwatuna, laima da gara suna cinsa.

Yau kowane matashinmu yana da kyamara a aljihu, sai dai kansa ya fi ɗauka. Muna roƙonku ku juya ta wajen jama'a. Ku nemi izini, ku ɗauki mutum cikin mutuncinsa, ku rubuta sunansa da shekarar. Tsofaffin hotunan gida kuma ku kai wa dattawa su faɗa muku ko su wane ne, tun masu ganewa suna raye.