Metir biyu kan metir ɗaya da rabi

Yau ba labarin gari muka kawo ba, na gidanmu ne.

Shekara shida muka yi muna tara jika-jika kafin mu ɗora bulo na farko kan parsel ɗinmu a nan Maraɗi. Ranar da magini ya ja igiya yana fitar da ɗakuna, salon ya samu rabonsa, ɗakin kwana ya samu nasa, abin da ya rage a kusurwa shi aka ba makewayi: metir 2 kan metir 1 da rabi. Muka ce kamar ya yi kaɗan. Ya yi dariya ya ce: «Malam, ai wanka za ku yi ku hito, ba can za ku kwana ba.»

Da mu kaɗai ne da mun yi shiru. To amma Inna za ta dawo wurinmu da zama, kuma gwiwoyinta sun daina yarda da tsuguno. Bara, lokacin damina, ta zame a salangar gidan haya, ta yi sati uku tana sallah a zaune. Saboda ita muka matsa a saka makewayi cikin ɗaki, ba can ƙarshen tsakar gida ba inda za ta riƙa laluben hanya da tocila.

Rigima ta farko kan alƙibla ce. Magini ya sa wurin zaman yana kallon gabas don tiyo ya miƙe kai tsaye zuwa fos. Inna ta zo ganin gini, ta tsaya ta duba, ta ce ita dai ba za ta zauna nan ba. Malamai sun yi sauƙi idan cikin gini ne, mun sani, amma wa zai tsaya yana yi wa mahaifiyarsa fatawa? Muka juya shi ya kalli kudu. Ƙarin tiyo ne da gwiwa ɗaya, tun ba a zuba siminti ba. Da sai an shimfiɗa karo sannan ta gani, da fasawa za a yi.

Sai ƙofa. In ta buɗe ciki, ta cinye kusan rabin wurin. Abin da ya fi tsoratar da mu shi ne, in tsohuwa ta faɗi a bayanta, jikinta ne zai tokare ƙofar, ku kuna waje kuna turawa. Muka ce ta buɗe waje. Lavabo kuwa mun haƙura da shi, don ba wuri.

Inda muka fi daɗewa shi ne batun ruwa. Mai gyaran pampo ya kawo mana hotuna a waya, dush mai feshi daga sama, ga abin wanke masai da ke zubar da lita 6 ko fiye a dannawa ɗaya. Kyau dai akwai shi. Amma duk wanda ya yi watan Afrilu a garin nan ya san ranakun da pampo ke tari ba ya kawo komai, sai ka bi ƴan garuwa. Mutanen Damagaram ma sai su ce ba mu ga komai ba. Saboda haka muka bar wa bokiti da buta wurinsu, muka sa kan pampo ƙasa-ƙasa yadda bokiti zai shiga ƙarƙashinsa, ga ɗan dakali na zama don Inna ta yi wanka da alwala ba tare da tsuguno ba, da ƙarfen riƙo a bango.

Daɓen kuma mun tsaya a kansa da kanmu. Gangara ta santimetir 1 zuwa 2 a kowane metir, zuwa ga magudana, da karo mai kaushi, ba mai sheƙi irin na salon ba. Da aka gama muka zuba bokiti guda muka tsaya muna kallo. Ruwan ya tafi, amma ya bar ɗan tabki kusa da ƙofa. Magini ya ce zai bushe da kansa. Muka ce a cire karo huɗu a sake. Ransa ya ɓaci, kwana biyu bai amsa wayarmu ba, ranar ta uku ya zo ya gyara.

Taga ce har yanzu ba a saka ba, kuɗin sun tafi ga ƙarfen riƙo da ƙarin tiyo. Mun toshe ramin da raga saboda sauro, sai ƙarshen wata. Inna ta ce ita bayan Sallah za ta tare, ko da taga ko babu.