Ranar da aka tashi wasa sau biyu a Limbe

A gasar cin kofin nahiyar Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci, ranar Laraba 12 ga Janairu 2022 aka haɗa Mali da Tunisiya a Limbe. Daga Duwala muka taso ni da kawuna, wanda ya daɗe yana busa wasannin unguwa kafin gwiwa ta ajiye shi. Ƙarfe biyu na rana aka take ƙwallo. Zafin Limbe na bakin teku ne, gumi ba ya bushewa, riga sai ta manne wa mutum a baya.

Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Ibrahima Koné ya ci wa Mali da fenareti. Can gaba Tunisiya ta samu nata, Wahbi Khazri ya buga, mai tsaron raga ya tare. An sha tsayawa: ga duba VAR, ga sauyin 'yan wasa, ga hutun shan ruwa. Kawu yana ta lissafi da yatsu, ya ce mini, "Yau ƙarin lokaci ba zai gaza minti shida ba."

Sai a minti na 85 alƙalin wasa Janny Sikazwe, ɗan Zambiya, ya busa tashi.

Da farko na ɗauka laifi aka yi. Kawu ne ya miƙe tsaye yana nuna agogonsa kamar alƙalin zai hango shi daga tsakiyar fili. Benci na Tunisiya ya hargitse, aka fahimtar da mutumin, aka ci gaba. Ya ba El Bilal Touré na Mali jan kati, aka kira shi ya duba allo, ya duba ya tsaya a kan bakansa. Minti 90 ba ta ƙarasa cika ba ya sake busa tashi, ko daƙiƙa ɗaya bai ƙara ba. Kocin Tunisiya Mondher Kebaier ya ruga cikin fili yana dukan tsintsiyar hannunsa, sai da jami'an tsaro suka kewaye alƙalan suka fitar da su.

Na ce, "Kawu, ga agogo ƙato a allo, ba ya gani ne?"

Ya ce, "Wancan na 'yan kallo ne, yaro. Doka agogon hannunsa ta sani." Ya ce shi ya sa alƙalai da yawa ke ɗaura biyu, ɗaya yana tafiya ba tsayawa, ɗaya ana tsayar da shi duk sanda aka ɓata lokaci. Mintunan da alƙali na huɗu ke ɗagawa a allo mafi ƙaranci ne. Na tsakiya yana iya ƙarawa, amma ba shi da ikon ragewa. Abin da ya fi ƙona wa Kawu rai shi ne mataimakan, dukansu da na'ura a kunne, suka bar ɗan'uwansu ya faɗa rami ɗaya sau biyu. Ni ma a nan nake ganin gizo ke saƙa.

Bayan kusan rabin awa aka ce a dawo a ƙarasa. 'Yan Mali suka fito suna tsaye a rana, 'yan Tunisiya suka ƙi, kocinsu ya ce yaransa sun riga sun shiga wankan ƙanƙara. Wasan Mauritaniya da Gambiya da ke biye ya makara, kuma aka yi ta saka wa Mauritaniya taken ƙasa da ba shi ba.

Daga baya muka ji cewa zafin rana ne ya bugi Sikazwe, har asibiti aka kai shi. Mutumin da ya busa wasan ƙarshe na gasar 2017 ke nan, ba sabon shiga ba. Tunisiya ta kai ƙara, hukumar CAF ta yi watsi da ita, ci ya zauna 1 da nema.