Ƙulli a Rigar Jariri

 Yau dai sai ku yi mini haƙuri, na ɗan ajiye biro na ɗauki tsinken saƙa, don haka hirar ulu za mu yi.

Duk macen da ta taɓa saƙa ta san dunƙulen ulu kamar ɗan Adam yake, sai an zauna da shi ake sanin halinsa. A shago za ki gan shi sumul, an naɗe shi da takarda mai kyau, sai kin ci rabinsa sannan ya fito miki da abin da ya ɓoye. Wani wurin ya sirance kamar zai tsinke, wani wurin ya kumbura ya yi tudu, wani kuma silin zaren ya rabu gida biyu ya riƙa maƙale wa tsinke. Uwa uba kuwa shi ne ƙulli, domin idan zare ya tsinke wa injin kaɗi a masana'anta, ƙulla shi suke yi su ci gaba da naɗi, ke mai saye ke za ki tarar.

A rigar babba ana iya kau da kai. A rigar jariri kuwa babu hali, domin fatarsa ba ta ɗaukar ko ƙwayar gero, ga shi kullum cikin wanki take, ƙullin masana'anta kuwa ɗan guntun baki ake bar masa, wanki uku huɗu ya kwance rami ya buɗe. Zaren da ya yi lilo a ciki kuma yana iya naɗe ɗan yatsan yaro ya shaƙe shi har ya kumbura, uwa na can tana neman dalilin kuka.

To ni tawa rigar ta fi haka nauyi, don ɗan kishiyata nake saƙa wa.

Shekara shida amaryarmu ta yi a gidan nan ba ta ga nata ba, sai da Allah ya nufa. Tun cikin yana wata biyar na sayo ulu ruwan sararin samaniya dunƙule uku, ina saƙawa a hankali bayan sallar isha'i, a lissafina da sauran lokaci. Kwatsam sai haihuwa ta zo a wata bakwai, tsakiyar Disamba, lokacin da hunturun Kano ke shiga har ƙashi. Bakwaini kuwa kun sani, ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, sanyi kaɗan sai ya taɓa shi. Aka ce nan da kwana huɗu za a sallamo su daga asibiti. Na gama baya da hannuwa biyu, saura gaba.

Daren na biyu ina tsakiyar layi, daidai ƙirji, sai yatsana ya ji shi. Ƙulli, ƙarami kamar ƙwayar dawa.

Wata maƙwabciyata da ta shigo taya ni hira ta ce, "Haba Yaya, ki tura shi ta ciki mana, wa zai gani?" Na dube ta na ce, "Ke kin manta a wane gida nake?" Mu da muke rubuta littafi mun fi kowa sanin abin da kalmar ƙulli take nufi a gidan mata biyu. Ranar suna dangin amarya za su zazzage kayan barka ɗaya bayan ɗaya, a juya ciki a juya waje. A ce wata goggo ta shafa ta ji ƙulli a daidai zuciyar yaron da aka shekara shida ana jira, a rigar da uwargida ta saƙa da hannunta? Wallahi ko injin masana'antar aka ɗauko a matsayin shaida ba mai saurarena. Yaro ya yi atishawa ma an san inda za a duba.

Sai na bi hanyar da malamarmu ta koya mana a sakandare, can a shekarun 1990. Na warware layin na koma gefe, na sa almakashi na yanke ƙullin na jefar. Na bar bakin tsohon zare kamar tsawon taƙi ɗaya, sabon ma haka, na fara layin da sabon. Amfanin komawa gefe shi ne, idan an zo haɗa gaba da baya, bakunan za su shige cikin ɗinkin, a bi su da babbar allura a lallaɓa su ciki, ba tudu ba lilo.

Akwai masu jiƙa bakunan biyu su murza a tafin hannu har su manne, amma wannan sai ulu na gaske, na gashin tumaki. Yawancin wanda ake sayar mana a kasuwa na roba ne, akirilik, irin wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fitar kasuwa a 1950 da sunan Orlon, shi kuwa ko kwana za ki yi kina murza ba zai kama ba. In kina son ganewa, yanki guntu ki sa masa ashana. Na tumaki warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule baƙi ƙirin.

Daga nan ban ƙara yarda da dunƙulen ba. Na zauna na warware ragowarsa kaf, ina bin sa tsakanin yatsa biyu ina sake naɗewa, na tarar da wani ƙullin da wuri guda da ya sirance, duk na yanke. Rigakafi dai ya fi magani.

Yanke-yanken nan ya sa zare ya gaza mini a wuya. Da safe na aika ɗana da takardar dunƙulen, don a jikinta akwai lambar launi da lambar rini, kuma launi ɗaya in ba tukunya ɗaya aka rina ba sai ya bambanta. Ya dawo da mai lambar launi daidai, ta rini daban, mai shago ya ce tsohon ya ƙare. A ɗaki kamar ɗaya suke, na fito da su rana sai ga sabon ya fi duhu. Na ɗauko ragowar farin ulu na ratsa layi biyu tsakaninsu, na yi wuya da maɓallai da sabon, ya fito kamar da gangan aka yi adon.

Ranar da aka sallamo su na kai mata ɗakinta. Ta karɓa, ta juya cikin rigar waje a gabana, tana shafawa da bayan hannu tun daga wuya har ƙasa. Ban ji haushi ba, uwa ce, ni ma haka na yi wa kayan nawa 'ya'yan. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ina kika ɓoye bakin zaren?" Na ce, "Sai kin tashi daga jego na koya miki."

Rigar ta yi masa yawa, sai da muka naɗe hannuwan sau biyu. A cikinta ya ƙare hunturun, kafin zafi ya shigo maɓallan sun daina haɗuwa. Ku taya mu addu'a Allah ya raya shi. Ci gaban littafinmu kuma sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.