Lakwaja: Yawon Ƙafa A Mahaɗar Kwara Da Binuwai

Gani ya kori ji. Duk yaron da ya zauna a aji ya ji labarin Lakwaja, inda Kogin Kwara, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini, ya gamu da Binuwai mai fitowa daga tuddan Adamawa na Kamaru. Amma sai wanda ya shiga jirgin ruwa ya kai tsakiyar mahaɗar ne zai ga yadda ruwan biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da launinsa, kafin su gauraya su nufi teku. Daga nan ne jirgi kan juyo da masu yawon buɗe ido zuwa gaɓa, inda ɗan jagora ke jiransu don zaga tsohon gari da ƙafa.

Abin da baƙo ke fara cin karo da shi shi ne kasuwar Kpata da ke bakin ruwa, da kwale-kwale jere, da kifi ɗanye da busasshe, ga kuma harsuna iri-iri, Nufanci da Hausa da Yarabanci da Igala da Igbirra, kowa na ciniki da nasa. A nan jagora kan tsai da jama'a ya ba su asalin garin. Cikin 1841 Turawan Ingila suka zo da niyyar kafa gona a wannan wuri, zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu, suka janye. Cikin 1854 wani likita, William Baikie, ya hau Binuwai da jirgi yana ba mutanensa maganin kwinin, ya koma bai rasa ko mutum guda ba. Wajen 1860 ya dawo ya kafa zango a Lakwaja, a zamanin Etsu Nupe Masaba. Watau dai ƙwayar magani ce ta buɗe wa Turawa ƙofar da zazzaɓi ya daɗe yana tsaronta.

Da an bar kasuwa aka shiga cikin gari, sai a isa makarantar Holy Trinity, wadda mishan suka buɗe cikin 1865 a ƙarƙashin jagorancin Samuel Ajayi Crowther, ita ce kuwa ake ƙirgawa makarantar boko ta farko a Arewa. A harabarta akwai ƙarafan nan da ake kira ƙarfen 'yanci, waɗanda mutanen gari ke cewa bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa. Gaba kaɗan ga maƙabartar Turawa, duwatsunta na ɗauke da sunayen sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan.

A Lakwaja ne kuma, ran 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar Kamfanin Royal Niger aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya yi shelar cewa Arewa ta shiga hannun Turawa, alhali kuwa a ranar ba su ci Kano ba, ba su ci Sakkwato ba. Sai cikin 1903 aka yi wannan. Hedkwatar ma ba ta daɗe a nan ba, cikin 1902 ta koma Zungeru, daga baya Kaduna.

To, inda jikin mai ziyara kan yi sanyi shi ne unguwar Kabawa, wurin kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Ga Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda ya hau gado cikin 1894 bayan Basasa, Turawa suka shiga birninsa cikin 1903 yana kan tafiyar Sakkwato, suka kama shi, suka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926. Ga kuma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, malami, mawallafin waƙoƙi, wanda Turawa da kansu suka naɗa cikin 1903, su ne kuma suka tuɓe shi daga baya, ya rasu a nan cikin 1924. Ɗaya bai miƙa musu wuya ba, ɗaya ya yi aiki da su, ƙasa guda ta rufe su nesa da gida. Baƙi kan tsaya su yi musu addu'a kafin a wuce.

Masu ƙarfin gwiwa kan ƙarasa da hawan Dutsen Patti, inda gidan hutun Lugga yake, mahaɗar kuma na shimfiɗe a ƙasa. 'Yan jagora na son cewa daga nan ne Flora Shaw ta hangi kogi ta raɗa wa ƙasar suna Nijeriya. Gaskiyar magana, a jaridar Times ta London ta rubuta sunan cikin 1897, ba ta kuwa zo ƙasar ba sai da ta auri Lugga cikin 1902.

Daga kan dutsen mutum zai gane cewa kogin da ya gina Lakwaja shi ne kuma barazanarta. Jirgin ƙasa da mota sun ɗauke cinikin da ruwa ke kawowa, ambaliyar 2012 da ta 2022 kuma sun cinye unguwanni, har suka datse hanyar Abuja. Garin ya zama hedkwatar Jihar Kogi cikin 1991, sababbin gine-gine na ta matse tsofaffi. Kabari ko tsohon bango in ya rushe, ba a sāke shi. Haƙƙin kula da su bai tsaya kan Maigarin Lakwaja da gwamnatin jiha kaɗai ba, ya hau kan masarautun Kano da Zazzau da duk wanda tarihinsa ke kwance a wannan gaɓa. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon riƙe amana.