Kafin ka hau ƙarfe a Jibia, fara shigar da taswirar eriyarka cikin kwamfuta

Ɗan uwa, idan ka taɓa tsayawa a Magama Jibia, ka san yadda waya ke yi: kana cikin Najeriya, amma sai ka ga ta kamo sabis ɗin Nijar. Siginal bai san shingen kwastam ba. Ni da nake harkar kafa eriyar Wi-Fi ga shaguna da masu POS a wannan yanki, abin da na fi damuwa da shi ke nan: ina siginal ɗina yake zuwa? Tun Satumbar 2021, da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina har da Jibia, kowa ya gane cewa intanet abinci ne.

Eriya kamar tocila take. Haskenta ya fi ƙarfi ta gaba, amma yana ɗan tsiyaya ta gefe da ta baya. Taswirar wannan haske ita ce kamfani ke ba ka a fayil. In ba ka saka ta a manhaja ba, to hasashe kawai kake yi, kuma kuɗin mai shago ne za su yi ciwo.

Ga yadda nake yi da Radio Mobile, manhajar kyauta da Roger Coudé ya rubuta.

Da farko sauke fayil ɗin eriyar daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Yawanci za ka same shi da .msi ko .ant a ƙarshen sunansa. Buɗe shi da Notepad, rubutu ne zalla. A na .msi za ka ga layi 360 na kewaye, da wasu 360 na sama da ƙasa, kowane digiri da layinsa.

To, a nan fa ake zamewa, wurare uku:

1. A .msi, in ka ga 3, ana nufin ƙarfin ya ragu da dB 3 daga ƙololuwa. Radio Mobile kuwa -3 take so. Ka bar shi haka, taswirar za ta juye, baya ya zama gaba.

2. Layukan sama da ƙasa na .msi daga saitin gaba suke farawa, na .ant kuma daga tsakiyar sama. Tazarar digiri 90 ce, sai ka gyara jerin a Excel.

3. Duba ko an rubuta ƙarfin da dBd ne ko dBi. In dBd ne, ƙara 2.15 ka samu dBi.

Ka gama? Ajiye shi da .ant a cikin jakar antenna ta manhajar, ka zaɓe shi, ka sa tsayin ƙarfe da inda eriyar ke fuskanta. Digiri 0 arewa ke nan, kuma a Jibia arewa hanyar Ɗan Issa da Maraɗi ce. Sai ka duba nawa ne ke tsallaka iyaka a banza. Sau da yawa ɗan sunkuyar da kan eriyar kaɗan ya isa ya dawo da ƙarfin kan kwastomominka.

Masu aiki da manyan manhajoji, kowace da nata: CST .ffs, HFSS .ffd, Feko .ffe. Amma ƙa'idar ɗaya ce, ka zana taswirar ka gan ta da idonka kafin ka yarda da lissafi.

Awa ɗaya a gaban kwamfuta ta fi hawa ƙarfe sau uku cikin ranar Afrilu.