Bahaguwa Mai Kiɗan Jita

A ƙasar Amurka an yi wata mace, Elizabeth Cotten, bahaguwa. Tun tana yarinya ta koya wa kanta jita, amma a juye take riƙe ta. Da ta yi aure sai ta jingine kiɗa shekara da shekaru, har ta yi jika tana aikatau a gidan su Mike Seeger. Rannan ta sauko da jitar gidan ta kaɗa, kowa ya yi tsit. A cikin ɗaki aka ɗauki waƙoƙinta, faifan ya fito 1958. Masu hannun dama kuwa sun sha wuya wajen kwaikwayonta, gama babban yatsanta ne ke taɓa siraran tsirkiya, manuni masu kauri.