Ƙurar Hunturu Daban, Ƙurar Maƙwabci Daban



Mu mutanen Sahel da ƙura muka tashi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan kwaso ta daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta lulluɓe mu har rana ta koma kamar faifai. Wannan sabo ne ya sa duk ƙurar da ta shigo gida mukan ce ikon Allah, mu kaɗe tabarma mu zauna. Haka muka yi a gidanmu, har sai da muryar mahaifinmu ta fara dushewa.

A shekarun da Yamai ta cika da gine-gine, gabanin taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019, aka soma wani bene daura da zaurenmu, inda Malam ke ba yara karatu. Motocin yashi suna shiga ba rufi, ana zazzage siminti, injin yana yankan bulo tun hantsi. Almajiri zai wanke allonsa ya jingine, kafin ya bushe ya yi ja. Malam ya kama tari, har yakan tsaya tsakiyar karatun asuba ya nemi numfashi. Ƙaramar jikarsa, mai ciwon fuka, ta koma kwana a zaune.

Da muka je wurin mai kula da aikin, ya karɓe mu da mutunci, amma ya ce: "Ai hunturu ne, Malam." Muka dawo ba mu da ta cewa, domin ba mu da shaida.

Likitan da ya duba yarinyar shi ya buɗe mana ido. Ya ce ƙurar da ido ke gani, hanci da maƙogwaro sukan tare mafi yawanta. Mai haɗarin ita ce wadda ba a gani. Masana suna auna ta kashi biyu: PM10, wadda faɗinta bai wuce mikromita 10 ba, da PM2,5, wadda ta fi silin gashin kai ƙanƙanta sau ashirin ko fiye. Wannan ta biyun takan kai can ƙuryar huhu, mafi ƙanƙantarta har cikin jini. Ƙurar yankan dutse da kankare kuwa tana ɗauke da silika, wadda kan tabo huhun magina tabon da ba ya warkewa. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2021, bai kamata PM10 ta wuce mikrogiram 45 a kowace mita kubik ta iska ba a kwana guda, PM2,5 kuma 15. Hukumar ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi ajalin mutum miliyan 4,2 a 2019.

Akwai ƙananan na'urori masu ƙirga wannan ƙura da haske, amma mu ba mu da ko ɗaya. Sai muka yi awon talaka. Muka shafa man Vaseline a fararen faranti biyu, ɗaya a tagar da ke kallon ginin, ɗaya a gidan gwaggonmu, can nesa da shi a cikin unguwa. Hunturu ba ya zaɓen gida; in shi kaɗai ne, farantan za su yi kama. Kwana bakwai muna dubawa, muna rubuta rana da sa'a a littafi. Namu yakan yi kauri ranakun aiki, ya yi sauƙi ranar da ma'aikata suka huta. Na gwaggo bai san ranar aiki da ta hutu ba. Faranti ba ya ganin PM2,5, mun sani, amma ya nuna mana daga ina ƙurar take.

Muka koma tare da mai unguwa, da farantan da littafin. Mutumin ya daɗe yana kallonsu. Abin da muka roƙa ba ya da yawa: a yayyafa ruwa safe da azahar, a rufe yashi da tampol, a jiƙa bulo lokacin yanka, motoci su rage gudu, a ba ma'aikata takunkumin hanci na gaskiya, domin rawani ba ya tare ƙura mai laushi. Ya yi wasu, ya bar wasu. Yarinyar dai ta koma barci a kwance. Muryar Malam kuwa ba ta dawo yadda take ba har yau, kuma muna tambayar kanmu ko da mun yi awon tun watan farko.

Bayan shekara biyu muka tashi ƙara ɗaki a gidanmu. Aka jibge yashi a ƙofa, iska tana kwasa tana kai wa maƙwabciyarmu mai jego. Ba mu lura ba, sai da mahaifiyarmu ta fito da bokiti tana yayyafi, kamar yadda take yi kullum kafin shara. Kunya ta rufe mu. Ashe haƙƙin maƙwabci da muke karantawa ya haɗa da iskar da yake shaƙa.

Duk wanda gini ya tashi kusa da shi, ya aje faranti tun ranar farko. Wanda kuma yake gini, ya tanadi ruwa da tampol kafin ya sayi siminti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.